Manhajar Hira A Ofis: Tantance Izini Shi Ne Matakin Farko

Tun bayan da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, kamfanoni da dama suka shiga neman manhajar hira wadda za ta amsa tambayoyin ma'aikata daga takardun ofis da ke ajiye a rumbunan intanet, irin su SharePoint da Google Drive.

Ita wannan manhaja takan lalubo takardun da suka shafi tambaya, sa'an nan ta tsara amsa daga cikinsu. A tsarin Microsoft, akan fara yi mata rajista a Entra ID, ta riƙa ɗebo bayanai ta hanyar Microsoft Graph.

Wajen rajistar nan ne haɗari yake. Muddin aka ba ta izinin ganin komai, ƙaramin ma'aikaci zai iya tambayo albashin manaja ko asirin kwangila. Saboda haka wajibi ne a taƙaita ta ga abin da mai tambaya yake da izinin gani, a kuma soma gwaji da takardun sashe guda.

Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a wuyan kamfanin da yake sarrafa su.