Akwatin kifi mai yawan tsirrai

Akwatin kifi mai yawan tsirrai wani nau'in akwatin gilashi ne na ruwan daɗi wanda tsirrai masu rai suka mamaye mafi yawan ƙasansa da sararin ruwansa, har ya zama su ne suke ɗaukar babban kaso na aikin tsabtace ruwan. Babu wata hukuma da ta tsayar da ma'auni guda na wannan suna. Masu kiwon kifin ado suna hukunta akwati ne ta hanyar duba abubuwa uku: faɗin ƙasan da tsirrai suka rufe, saurin girman tsirran, da kuma yawan dattin da suke zuƙewa daga ruwa. Sanin bambancin yana da amfani, domin yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan adadin kifaye, canjin ruwa da zuba taki sun dogara ne ga ko akwatin ya kai wannan matsayi ko bai kai ba.

Tarihi

A shekarar 1850 masanin kimiyyar sinadarai na Ingila, Robert Warington, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na ajiye jajayen kifayen ado tare da tsiron Vallisneria a cikin mazubi ɗaya. Ya nuna cewa tsiron yana samar da iskar oksijin da kifi ke buƙata, yayin da shi kuma yake amfani da iskar da kifin ya fitar. Da ruɓaɓɓun ganyaye suka fara ɓata ruwan, sai ya saka dodon koɗi don su cinye su. An buɗe gidan nunin kifaye na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan a shekarar 1853.

A shekarun 1930 aka fara salon Holan, inda ake jera tsirrai rukuni-rukuni kamar lambun furanni, ana bambanta su ta launi da tsayi da siffar ganye. A wannan salo tsirrai kan rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasan akwati. Daga baya Takashi Amano (1954–2015), mai ɗaukar hoto ɗan Niigata ta Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya yaɗa salon kwaikwayon daji da tsaunuka ta amfani da duwatsu da itace da tsirrai. A shekarar 2015 ya shirya akwati mai tsawon mita 40 da ke ɗaukar lita 160,000 a gidan nunin kifaye na Lisbon a ƙasar Fotugal. A ɗaya ɓangaren kuma, Diana Walstad ta Amurka ta fitar da littafinta Ecology of the Planted Aquarium a 1999, inda ta bayyana hanyar shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa, a bar tsirrai su riƙe ruwan ba tare da kayan aiki masu yawa ba.

Yadda ake auna yawan tsirrai

Hanya mafi sauƙi ita ce leƙa akwatin daga sama a ga yawan yashi ko tsakuwar da ake iya hangowa. Idan tsirrai ƙalilan ne a kusurwoyi kuma galibin ƙasan a buɗe yake, ana ɗaukarsa akwati mai ƙarancin tsirrai. Masu kiwo sun saɓa wa juna kan inda iyakar take. Wasu suna farawa daga rabin ƙasan, wasu kuma sai an rufe kusan kashi 70 cikin 100 ko fiye. Misali, akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 30 yana da ƙasa mai girman murabba'in santimita 1,800, don haka kashi 70 yana nufin tsirrai sun rufe kusan murabba'in santimita 1,260.

Sai dai faɗin ƙasa kaɗai bai isa ba. Gajerun tsirrai masu shimfiɗuwa kamar darduma suna iya rufe ƙasan gaba ɗaya amma jimillar ganyensu ba ta da yawa, alhali dogayen tsirrai masu kara da suka kai saman ruwa a rabin akwati suna iya ninka su wajen zuƙar datti. Haka kuma ƙidayar tukwanen da aka saya ba ma'auni ba ne, domin tsiro goma a akwatin lita 30 daji ne, amma a akwatin lita 300 ba za a ma lura da su ba.

Abu na biyu shi ne saurin girma. Tsiro yana cire datti daga ruwa ne gwargwadon sabon ganye da karan da yake ginawa. Akwatin da aka cika da Anubias da Microsorum pteropus yana iya zama kore shar, amma waɗannan tsirrai kan ɗauki makonni kafin su fitar da sabon ganye ɗaya, saboda haka abin da suke cirewa kaɗan ne. Tsiron roba kuwa ba ya shiga lissafi ko kaɗan.

Abu na uku shi ne gwajin ruwa. Idan adadin naitiret bai tashi ba daga mako zuwa mako, ko ma yana sauka duk da ana ciyar da kifaye yadda aka saba, alama ce cewa tsirran suna zuƙe daidai abin da kifayen ke fitarwa ko fiye. A irin wannan akwati sau da yawa sai an riƙa ƙara taki.

Aikin tsirrai a cikin ruwa

Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar matattarar numfashinsa, kuma ragowar abinci da kashi suna ƙara ta idan suka ruɓe. Amoniya guba ce ga kifi ko da kaɗan ce. A akwatin da ba shi da tsirrai, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a matatar ruwa su ne suke juya ta zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, sannan zuwa naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba amma yana taruwa har sai an canza ruwa. Gina wannan tarin bakteriya a sabon akwati kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida.

Tsirran ruwa da yawa suna ɗaukar amoniyar kai tsaye a matsayin abinci. Wannan ne ya sa a akwatin da aka cika da tsirrai masu saurin girma tun ranar farko ake iya saka kifaye kaɗan-kaɗan ba tare da gubar ta taru ba. Haɗarin yana zuwa ne idan mai kiwo ya ɗauka akwatinsa ya kai wannan matsayi alhali bai kai ba, ya zuba kifaye da yawa lokaci guda. Amoniya takan tashi cikin kwanaki ta kashe su. Sababbin tsirrai ma sukan zubar da ganyen da suka zo da shi kafin su saba da sabon ruwa, musamman Cryptocoryne, kuma a wannan lokacin ƙara datti suke yi maimakon ragewa.

Da rana tsirrai suna zuƙar iskar kabon dayoksaid su fitar da oksijin. Da dare kuwa su ma oksijin suke shaƙa kamar kifayen. Shi ya sa a akwati mai cunkoson tsirrai da kifaye oksijin ya fi yin ƙasa da asuba, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin shiga wannan hali domin yana riƙe oksijin kaɗan. Kifin da ke haki a saman ruwa da sassafe alama ce ta buƙatar ƙara motsa saman ruwan.

Nau'o'in tsirrai

Tsirrai masu saurin girma da aka fi dogara da su sun haɗa da Ceratophyllum demersum, Egeria densa, Hygrophila polysperma da Vallisneria. Masu iyo a saman ruwa, kamar Limnobium laevigatum da kainuwa, wato Pistia stratiotes, suna cikin waɗanda suka fi zuƙar datti, saboda suna samun kabon dayoksaid daga iska kuma suna kusa da haske. Matsalarsu ita ce suna yi wa na ƙasa inuwa idan ba a rage su ba.

Wasu daga cikin fitattun tsirran akwatin kifi asalinsu daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Anubias barteri yana fitowa a bakin ƙoramun dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru, Crinum calamistratum daga Kamaru yake, sannan Nymphaea lotus nau'in bado ne da ake samu a tafkunan Afirka. Ana ɗaure Anubias a jikin dutse ko itace ne, domin idan aka binne kaurin karansa a cikin yashi yakan ruɓe.

Kulawa

Ana raba irin waɗannan akwatuna gida biyu. Akwai masu sauƙin kayan aiki, masu matsakaicin haske, waɗanda ba a hura musu kabon dayoksaid, tsirransu suna girma a hankali. Akwai kuma masu haske mai ƙarfi da ake hura wa iskar daga tukunyar gas, yawanci har kusan miligiram 30 a kowace lita. Idan ta wuce haka da yawa takan shaƙe kifaye. Dukkan nau'o'in biyu suna iya zama masu yawan tsirrai. Galibi ana kunna fitila na awa 6 zuwa 8 a rana.

Tsirrai suna buƙatar naitirojin, fosfet, fotasiyam da sinadarin ƙarfe. A tsarin takin da Tom Barr ya yaɗa, ana zuba taki fiye da buƙata sannan a canza rabin ruwan duk mako. An tsara wannan ne don akwati cike da tsirrai masu girma. Idan haske ya fi ƙarfin abin da tsirran za su iya amfani da shi, gansakuka ce take cin gajiyarsa, ta rufe gilashi da ganyaye. Amano ya shahara da amfani da jatan landen Caridina multidentata wajen cinye ta, har ake kiransa da sunansa. Jajayen kifayen ado da manyan kifaye dangin karfasa ba su dace da wannan akwati ba, domin suna cin ganye ko tumɓuke saiwa.

Tasiri ga muhalli

Saurin girman da ya sa ake son waɗannan tsirrai shi ne kuma yake mai da su annoba idan suka shiga koguna. Gwamnatin tarayyar Amurka ta saka Hygrophila polysperma cikin jerin ciyayi masu cutarwa, kuma Egeria densa, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, ya toshe hanyoyin ruwa a ƙasashe da dama. Don haka ake shawartar masu kiwo su busar da abin da suka datse sannan su zuba a shara, kada su jefa shi a magudana ko kududdufi.