Shuri a Wasan Kunfu: Abin da Fim Ya Nuna da Abin da Malamai Suke Koyarwa

Mafi yawan matasan Takur da sauran unguwannin Dutse, kamar takwarorinsu na Kano da Zariya, a gidan kallo da fuskar waya suka fara sanin kunfu, ta hanyar finafinan da ake kira na Chanis, waɗanda ake fassara da yawansu zuwa Hausa a yau, inda jarumi yake daka tsalle ya juya a sama ya sauke diddige a kan abokin gabarsa. Wannan hoto ya zauna a zukata sosai, har ya zama da zarar an ambaci faɗan Sinawa, shuri mai tashi sama ne yake fara zuwa wa mutum a rai. Sai dai malaman wannan fasaha, wadda su Sinawa suke kira wushu, wato dabarun yaƙi, sun fi ba da muhimmanci ga ƙafar da ta rage a ƙasa fiye da wadda ta tashi, domin ita ce take ɗauke da nauyin jiki gaba ɗaya, kuma daga gare ta ne ƙarfin shurin yake tasowa.

Masana wushu sun kasa aikin faɗa da hannu tsura gida huɗu: ti, wato shuri, da, wato bugu da hannu, shuai, wato kayarwa irin ta kokawa, sai na, wato kamu da murɗe gaɓa. Akwai kuma tsohuwar magana a tsakaninsu da take bai wa mutanen kudancin ƙasar Sin gwaninta a dunƙulen hannu, ta bai wa na arewa gwaninta a ƙafa. Ko da yake rabon bai kai tsantsar yadda ake faɗarsa ba, gaskiya ne cewa salailan arewa irin su Changquan da Chaquan da Chuojiao sun fi yawan shuri da faɗin taku, alhali salailan kudu irin su Hung Gar da Wing Chun suna kafa ƙafa da ƙarfi su bar wa hannu mafi yawan aiki, kuma shurinsu ba kasafai yake wuce ƙugu ba.

Nau'o'in shurin da ake koya wa almajiri tun farko ba su da yawa, kuma ana bambanta su ne da ɓangaren ƙafar da yake sauka da kuma hanyar da ƙarfi yake bi. Tantui shi ne wanda ake ɗaga gwiwa a lanƙwashe sannan a saki ƙwauri da sauri, yatsu a miƙe, ya sauka da bayan ƙafa ko tsinin yatsu. Dengtui yana bin hanya ɗaya da shi, amma ana tanƙwaso yatsu baya a tura diddige gaba, don haka ya fi kama da ture mutum fiye da tsikararsa. Chuaitui kuwa ta gefe ake yin sa, mai shurin ya ba da kafaɗa, ya janyo gwiwa zuwa ƙirji, ya harba tafin ƙafa zuwa gwiwa ko haƙarƙarin abokin karawa, kuma da shi ne ake tare mai kawo farmaki tun bai iso ba. Biantui, wanda sunansa yake nufin bulala, yana zagayowa daga waje ya sauka a cinya ko a kai. Sai saotui, wato shara, inda mutum yake durƙusawa a kan ƙafa ɗaya ya miƙe ɗayar ya zagaya da ita a ƙasa don ya ɗauke sawun wanda yake tsaye, abin da ɗan kokawar ƙasar Hausa zai gane nan take a matsayin ɗan'uwan taɗiya. Shure-shuren tsalle, irin su xuanfengjiao da ake juyawa a sama kamar yadda sunansa na guguwa ya nuna, suna zuwa ne daga baya, kuma sun fi amfani wajen gwada sauƙin jiki da nuna bajinta a gaban alƙalai.

Wani abu da ya kamata mai karatu Bahaushe ya sani, wanda finafinai ba su cika faɗa ba, shi ne rawar da Musulmin ƙasar Sin, al'ummar da ake kira Hui, suka taka wajen adana ilimin shuri. Sunan tantui bai tsaya ga shuri guda ba, suna ne kuma na wani tsarin atisaye da ake yi a jere, layi bayan layi, inda almajiri yake tafiya gaba yana maimaita shuri da bugu a dama da hagu har ya kai ƙarshen fili ya juyo. Tsarin mai layi 10 ya shahara a hannun Musulmi har ake kiransa Jiaomen Tantui, wato tantui na ma'abota addini, kuma shi ne harsashin salon Chaquan da ya yi ƙarfi a gundumar Guan ta lardin Shandong. Ruwayar baka ta mabiya salon tana danganta asalinsa ga wani Musulmi da ya zo daga yammacin ƙasar a zamanin daular Ming. Akwai kuma tsari mai layi 12, wanda ƙungiyar Jingwu, da aka kafa a Shanghai a 1910 da sunan gwarzo Huo Yuanjia a gabanta, ta mayar darasin farko ga duk wanda ya shiga. Daga cikin fitattun malaman Chaquan akwai Wang Ziping, Musulmi ɗan Cangzhou ta lardin Hebei, wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1973, ya yi suna wajen ƙarfi da gwanintar ƙafa, sannan ya kasance maɗori mai gyaran karaya da targaɗe. Haɗuwar waɗannan sana'o'i biyu a hannun mutum ɗaya abu ne da aka saba gani a tsakanin tsofaffin malamai, domin wanda ya san yadda gaɓa take gocewa shi ya fi cancanta ya koyar da yadda za a kare ta. A wasu tsofaffin makarantun tantui ma ƙa'ida ce kada shurin faɗa ya wuce tsayin gwiwa.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin wata karin magana ta malaman wushu, mai cewa wanda ya ɗaga ƙafa ya bar rabin jikinsa a fili. Duk wanda ya taɓa yin langa a dandali, yana riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar yayin da abokan hamayya suke neman ture shi, ya san yadda mutum yake zama abin kayarwa idan ya dogara ga ƙafa guda. Shi ya sa almajirin kunfu yake shafe watanni a tsayuwar mabu, wato tsayuwar mai hawan doki, ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, baya a miƙe, tare da atisayen yatui na danna ƙafa a kan katanga ko sanda don jijiyoyin cinya su saki a hankali. Idan aka zo shurin kansa, ƙafar da take tsaye ce take tura ƙasa, ta juya a kan tushen yatsunta, ƙugu ya biyo ta, sannan ƙarfin ya isa ga ƙafar da aka harba. Kuma dawo da ita da sauri yana da muhimmanci daidai da sakinta, domin ƙafar da ta yi jinkiri a sama kamawa ake yi. Yaron da ya kwaikwayi biantui a kan siminti ba tare da ya juya sawunsa na ƙasa ba, gwiwarsa ce take shan murɗar da ya kamata tafin ƙafa ya sha, kuma irin wannan rauni yana iya bin mutum shekaru.

Shurin da yake burge masu kallo yana da nasa tarihin daban. Jackie Chan da Sammo Hung sun taso ne a makarantar wasan kwaikwayon gargajiya ta Yu Jim-yuen a Hong Kong, inda alkafura da tsalle suke cikin darasin yau da kullum, kuma mugun da ya addabi Jackie Chan da ƙafa a fim ɗin Drunken Master na 1978, Hwang Jang-lee, gwanin taekwondo ne na Koriya. Shi kansa Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973 yana da shekara 32, Wing Chun ya koya a wurin Ip Man, salon da shurinsa yake ƙasa-ƙasa, sai daga baya a Amurka ya faɗaɗa aikin ƙafarsa ta hanyar cuɗanya da gwanayen wasu fannoni irin su Jhoon Rhee. Jet Li, da fim ɗin Shaolin Temple na 1982 ya fito da shi, zakaran gasar taolu ne, wato jerin motsi da ake nunawa ba tare da abokin karawa ba, ana ba da maki bisa kyau da daidaito. Waɗannan mutane gwanaye ne na haƙiƙa, amma kyamara tana zaɓar abin da ido zai gani daga nesa, kuma shurin da aka sauke a ƙwauri ba ya cika allo.

Inda ake gwada shuri da gaske shi ne sanda, damben zamani na Sinawa da aka fara tsara dokokinsa daga 1979. Ana yin sa a kan dandamali mai faɗin mita 8 kowane gefe da tudun santimita 80, babu igiya, a turmi uku na minti biyu-biyu, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Shuri a cinya maki ɗaya ne, a gangar jiki ko a kai maki biyu, kayar da mutum kana tsaye maki biyu, haka ma jefa shi daga dandamali. An kuma haramta dukan ƙeya da wuya da mara. Saboda an halatta kama ƙafa a kayar, ɗan wasan sanda yana lissafi kafin ya ɗaga ƙafa sama, kuma wannan lissafi ba baƙo ba ne ga ɗan damben gargajiya da yake karawa a Ado Bayero Square ta Kano ko a Dei-Dei ta Abuja, inda ake haɗa shuri da hannun da aka naɗe da zare, kuma wanda ya kai ƙasa ake cewa an kashe shi. Ɗan dambe yana da juriya da ido da sanin tazara. Abin da tsarin Sinawa ya fi shi da shi shi ne rarraba shuri kashi-kashi da koyar da shi daki-daki, da atisayen sakin jijiya da ake farawa tun ƙuruciya.

Hukumar wushu ta duniya, da aka kafa a Beijing a 1990, ta daɗe tana neman kai wasan gasar Olamfik, kuma a watan Janairun 2020 kwamitin Olamfik na duniya ya amince a sanya shi cikin wasannin matasa na Dakar a Senegal, waɗanda aka ɗage daga 2022 zuwa 2026. Ɓangaren taolu aka zaɓa, da salon Changquan da na Taijiquan, don haka a wannan fage na Afirka ta Yamma alƙalai suna duba tsayin tsalle da miƙewar ƙafa, kuma suna rage maki ga duk ɗan wasan da ya yi tangaɗi ko ya ƙara taku bayan ya diro.