Katantanwar Dutse a Bakin Gongola

A hutun ƙarshen shekara muka tashi daga Miri da iyali, muka bi ta Gombe zuwa Bajoga wajen kawuna. Yara sun daɗe suna roƙon a kai su bakin teku, amma abin da aljihu ya iya shi ne bakin Kogin Gongola. Muka kafa rumfa a kan yashi kusa da Ashaka, Kawu yana koya wa samari ɗaura fatsa, ana gasa karfasa da tarwaɗa.

Can sai ga autata da wani dutse cike da tafin hannunta, a nannaɗe kamar gammo. Cikin tarin fararen duwatsu da aka zuba a gefen hanya ta tsinto shi.

"Baba, katantanwa ce ta zama dutse?"

Na juya shi, na sake juyawa. Katantanwa in ta nannaɗe tana yin tsini, wannan kuwa a shimfiɗe yake, gefensa biyu iri ɗaya. A jikinsa ga wasu layuka masu lanƙwasa bi da bi, alamar cikinsa ɗaki-ɗaki ne. Katantanwa ɗaki ɗaya gare ta.

Maiɗakina ta ce ko fatake ne suka yar da shi tun zamanin da, tunda wuri ma daga teku aka riƙa kawo shi har ya zama kuɗi a ƙasar Hausa. Kawu ya girgiza kai.

"'Yata, wannan bai shiga buhun fatake ba. A ramin da ake haƙo dutsen siminti, sai an yi ƙasa an fasa dutse ake samunsu a ciki, ba ɗaya ba, ba ɗari ba."

To ko kogi ne ya kawo? Nan ma hanya ta toshe. Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya faɗa Binuwai a Numan. Teku yake nufa, ba daga can ya fito ba.

Da muka dawo Bauchi na kai wa wani maƙwabcina da ke koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Bai ce uffan ba sai da ya matsa ruwan lemun tsami a gefen dutsen. Ƙananan kumfa suka taso. Ya ce dutsen farar ƙasa ne, kuma irinsa yawanci daga ɓawon halittun ruwa yake taruwa. Mai ɗakunan kuwa sunanta amonayit, 'yar'uwar dabbar tekun nan mai hannaye takwas. Tana zaune a ɗakin bakin ƙofa, sauran ɗakunan suna riƙe iska don ta yi iyo. Ba ta taɓa rayuwa a ruwan daɗi ba, kuma irinta ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Ke nan ba ita aka kawo ba, tekun ne ya zo. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi dogon kwari, wanda Binuwai da Gongola ke bi a yau. Kimanin shekaru miliyan 93 baya ruwan teku ya ƙaru, ya cika kwarin, ya ratsa inda Sahara take har ya haɗu da tekun arewa. Abin da ya kwanta a ƙasan ruwan nan shi masana'antar siminti ta Ashaka ke toyawa tun 1979. Ikon Allah! A 1954 masani Richard Reyment ya raɗa wa nau'i biyu na halittun sunayen Bauchioceras da Gombeoceras, lokacin Gombe tana cikin Lardin Bauchi. Abin yana damuna cewa masanan Turai sun san wannan tun kafin 'yancin kai, amma yaranmu suna gama sakandare ba su ji ba.

Saura tambaya ɗaya, wadda babban ɗana ya yi: me ya sa ba ma tsintar irinsa a Miri? Malamin ya nuna duwatsun da suka kewaye Bauchi. Waɗannan daga narkakken dutse suka daskare a can ƙarƙashin ƙasa, fiye da shekaru miliyan 500 baya, kuma wuta ba ta barin ɓawo. Mai neman amonayit sai ya nausa gabas, ya wuce Alkaleri, ya gangara kwarin Gongola wajen Pindiga ko Ashaka.