*Wani ƙullutu a hanta mai kama da kansa*



Idan aka yi maka sikanin aka ce an ga ƙullutu a hanta, abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne ciwon daji. Akwai wani ƙullutu da yake rikita har likitoci, suna kiransa sudolimfoma.

Kun san kaluluwa, wadda take fitowa a hammata ko matse-matsi idan mutum ya ji ciwo? Fararen ƙwayoyin jini ne na garkuwar jiki suke taruwa a wurin. To irin wannan taruwar ce take faruwa a cikin hanta, su dunƙule wuri ɗaya. Ba ya yaɗuwa, ba ya cin jiki. Yawanci ɗaya ne, ƙarami, da wuya ya wuce santimita 2 zuwa 3. An fi ganinsa a mata masu matsakaicin shekaru, wani lokaci tare da tsohon ciwon hanta ko cutar da garkuwar jiki take yaƙar mai ita. Galibi ba ya ciwo, ana neman wani abu daban ne a ci karo da shi.

Inda matsalar take, idan aka yi allurar ruwan hoto aka ɗauki CT ko MRI, yana saurin haskawa sannan ya dushe, sak yadda kansar hanta take yi. Shi ya sa da yawa sai bayan an yi tiyata an cire shi ake gane ba kansa ba ce. Gwajin jini na AFP yakan fito lafiya lau, amma wannan kaɗai bai isa hujja ba, don akwai kansar da ba ta ɗaga shi. Abin da yake raba gardama shi ne a ciro ɗan yanki na tsokar a duba a ɗakin gwaji.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya kwanta. Sudolimfoma ba kasafai ake samunta ba. A ƙasarmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, ga gyaɗa da masara masu fumfuna, ƙullutun hanta abin gaggawa ne har sai likita ya tabbatar da ko mene ne.

Don Allah kafin sakamako ya fito, a dakata da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Duk abin da ka sha hanta ce take tace shi, wasu kuma ƙara mata rauni suke yi. Ka riƙe duk hotunanka na baya ka je da su asibiti, likita yana son ya gwada ko ƙullutun yana girma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.