Aikin hannu a makaranta: wa ya saƙa maficin nan?

Duk ƙarshen zangon karatu, a makarantun firamare da dama za ka ga yara sun yi jerin gwano, wannan da tsintsiya, wancan da mafici. Wai aikin hannu ke nan. Uwa ce ta sayo a kasuwa, malami ya karɓa ya ba da maki. A wasu wuraren ma an huta da wannan, kuɗi kawai ake kawowa.

Darasin kuwa yana nan a manhaja. Hukumar NERDC ta haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu a darasi guda, daga firamare har ƙaramar sakandare. Sai dai malamin da ake danƙa wa shi sau da yawa bai taɓa kwaɓa yumɓu ba. Ya rubuta ma'anar rini a allo, yara su kwafa, su haddace, a wuce wurin.

Waɗanda suka san abin suna bayan katangar makarantar: maginan tukwane, dukawa, masaƙa, tsohuwar da ke ɗinkin faifai a zaune. A Kano har yau ana rini a karofin Ƙofar Mata. Yaron da ya tsaya bakin ramin zai ga an tsamo zane kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa ya koma shuɗi. Da kansa zai tambayi dalili, kuma daga nan malamin kimiyya ya samu ƙofa. Yarinyar da ke koyon faifai ƙirge take yi da awo ba ta sani ba, in ta yi kuskure ta warware ta sake, ba bulala. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne yaron da aka saba kira daƙiƙi. Ran da tukunyarsa ta tsaya ta gwanin aji ta rushe, kallon da ake masa ya sauya.

Wasu iyayen za su ce ba su kai ɗa boko don ya dawo marini ba. To, a juya takardar naira 20. Matar da ke ginin tukunya a jiki Ladi Kwali ce, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana ƙarama, ta shiga cibiyar Michael Cardew a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Abin bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. A gayyato mai sana'a ɗaya, sa'a guda a mako, malamin aji na tsaye tare da yara. A biya shi ladansa, don ya bar aikinsa ne ya zo. Kuɗin da iyaye ke kashewa kan tsintsiyar kasuwa, in an tara, zai sayi kaba da zare da yumɓun fara aiki.