Shin Da Gaske Ƙwayoyin Haihuwar Maza Raguwa Suke Yi?

A shekarar 1992 wasu likitoci a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, ƙarƙashin jagorancin Niels Skakkebaek, suka tattara sakamakon bincike 61 da aka yi a baya kan maniyyin maza masu lafiya. Abin da suka gano ya tayar da ƙura: matsakaicin adadin ƙwayoyin haihuwa ya sauko daga miliyan 113 a kowace mililita a 1940 zuwa miliyan 66 a 1990. Masu suka suka ce ai an gwama gwaje-gwajen da ba su da ma'auni ɗaya, aka yi ta ja-in-ja har shekaru.

Hagai Levine na Jami'ar Ibraniyawa da ke Ƙudus da Shanna Swan ta New York suka sake tono maganar a 2017, da bincike 185 da ya shafi maza kusan 43,000. A Arewacin Amurka da Turai da Ostireliya da New Zealand, adadin ya faɗo daga miliyan 99 a 1973 zuwa 47 a 2011. A 2022 suka faɗaɗa aikin zuwa ƙasashe 53, har da na Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, suka kuma ce saukar ta ƙara sauri bayan shekarar 2000.

To, kafin a ɗora hannu a ka, a duba wasu abubuwa. Mafi ƙarancin adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jagorarta ta 2021 miliyan 16 ne, don haka mai 47 ba ya kusa da bakin gaɓa. Sannan a Denmak ɗin da aka fara maganar, an bi samarin da ke zuwa gwajin shiga soja daga 1996 zuwa 2010, a wuri ɗaya da hanyar ƙidaya ɗaya, ba a kuwa ga raguwa ba. Ƙidayar kanta tana da ruɗi: zazzaɓi, da kwanakin da mutum ya yi bai kusanci iyali ba, da idon mai ƙirgawa, duk suna sauya sakamako. Bayanan Afirka kuma ƙalilan ne, akasarinsu daga mazan da matsala ta riga ta kai asibiti.

Duk da haka ni ban ga dalilin yin watsi da batun ba. Gado dai ba zai zama sanadi ba, domin ƙwayoyin gadon al'umma ba sa sauyawa haka cikin shekara hamsin. Zargi ya fi karkata ga ƙiba, da taba, musamman shanta ga mai juna biyu, da sinadaran da ake tausasa roba da su, da magungunan feshi. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne a 1977, lokacin da ma'aikatan wata masana'anta a Lathrop ta jihar Kalifoniya suka lura a junansu cewa haihuwa ta ɗauke musu. Gwaji ya nuna sinadarin DBCP da suke haɗawa don kashe tsutsar ƙasa ne ya lalata musu maraina. Daga baya ma'aikatan gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa suka shigar da ƙara kan irin wannan illa.

A nan gida kuwa, inda ake saurin kiran mace juya, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta gagara, akwai matsala daga ɓangaren miji. Gwajinsa ya fi na matar sauƙi da araha, amma sau da yawa sai ta gama zagaye asibitoci da masu magani kafin a ce maigida ya kawo nasa.