Ɗari bai tafi ba tukuna: ka kare dashen lambunka

Ɗan'uwa makiyayi, tun bayan farin 1984 da aka ƙarfafa noman rani a ƙasarmu Nijar, da yawa cikinmu muna haɗa kiwo da ɗan lambu a bakin rijiya ko tafki. Lambun nan shi ne cefanen gida, ganyensa kuma bisashe su samu. Amma dare ɗaya na ɗari ya isa ya lalata wahalar wata guda.

Haɗarin ya fi yawa a ƙarshen hunturu. Cikin watan Fabrairu rana ta kan yi zafi kwana biyu, sai mutum ya ce sanyi ya wuce, ya fitar da dashe. Sai kuma ɗari ya komo. A duwatsun Ayar, wajen Timiya da Bagzam, har ruwa yana daskarewa da dare. A Maraɗi, Damagaram da Tawa ba a kaiwa nan, amma da zarar sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, tumatir ya kan tsaya da girma.

Ba duka shuka ke tsoron sanyi ba. Albasa, shu, salati da karoti suna jure shi. Masu wahala su ne tumatir, tattasai, tanka, kuɓewa da kankana, musamman in suna ƙanana.

Yaya za ka gane daren haɗari? In iska ta kwanta da almuru, sama ta yi garau, taurari tar, to ka shirya. Zafin da ƙasa ta sha da rana yana tsere wa sama, sanyi kuwa ya fi tsanani da asuba. Iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarawa ta taru cikin kwari, shi ya sa fangalin da ke ƙasa-ƙasa ya fi cutuwa.

Ga abin da za ka yi:

1. Ka yi ban ruwa da rana ko kafin la'asar. Ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Kada ka jiƙa ganye da dare.

2. Kafin rana ta faɗi, ka kafa 'yan sanduna, ka shimfiɗa zana ko tsohon buhu a kai, gefensa ya taɓa ƙasa. In leda ce, kada ta taɓa ganye.

3. Da hantsi ka buɗe. In ka bar rufin, zafi ya dafa dashen.

4. Ka yi darni ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa. Kada ka taɓa harawa ko karan da ka ajiye wa bisashe: karan da shanu suka cinye ganyensa ya isa. Darnin nan zai tare maka awaki ma.

5. Takin garke sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa.

In ka tarar da ganye ya yi laushi ya yi baƙi, kada ka yi gaggawar tugewa. Ka jira kwana uku; in karan yana da rai zai sake toho. Kullum kuma ka rage ɗan iri a gida don maye gurbi.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsa. Allah ya ba mu rani mai albarka.